Yadda na bi sawun mawaƙan Sikotland da ba a cika ambatonsu ba

Duk wanda ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Waverley a Edinbara, yana haurowa sama abin da zai fara tsone masa ido shi ne wata doguwar hasumiya baƙa ƙirin, tsawonta ya kai mita 61, an gina ta ne don tunawa da Walter Scott, ita kanta tashar ma sunan littafinsa aka sa mata. Robert Burns kuwa ba a magana, hotonsa ya hau takardar kuɗi ya hau gwangwanin biskit, kuma duk ranar 25 ga Janairu sai an zauna an ci abinci an karanta waƙoƙinsa a ko'ina cikin ƙasar. To ni abin da ya tsaya min a rai tun ina sabon zuwa karatu shi ne, wai ƙasa guda sukutum mawaƙa biyu kawai ta haifa? Ina sauran? Dalilin da ya sa kenan na ɗauki ranakun hutun ƙarshen mako na ce bari in bi sawun waɗanda ba a sa hotonsu a jikin kaya, in ga inda aka haife su da inda suka yi sana'a da inda aka binne su, kuma ga yadda abin ya tafi, ko wani zai so ya gwada.

Inda na fara shi ne wani ɗan fili da ake kira Makars' Court, yana cikin wani lungu a gefen babban titin tsohon gari, a ƙofar gidan tarihin marubuta. Shi gidan tarihin mutum uku ya riƙe, Burns da Scott da wani marubucin mai suna Robert Louis Stevenson, amma a waje, a ƙasa, duwatsun daɓen da kake takawa kowanne an sassaƙa sunan marubuci da shekarunsa da layi ɗaya daga maganarsa. Sai na ciro littafina na riƙa kwafe sunayen da ban taɓa ji ba, mutane suna wucewa suna taka su ba wanda ya sunkuyar da kai. Daga nan na gangara laburaren waƙoƙi na Sikotland da ke Crichton's Close, wata mata mai suna Tessa Ransford ce ta kafa shi a 1984, shiga kyauta, aron littafi ma kyauta in ka yi rajista. Na nuna wa wata ma'aikaciya jerin sunayena, ta duba ta ce in dai wurare nake so in gani to in fara da wanda yake kwance tsallaken titi, ba sai na hau mota ba.

Wannan shi ne Robert Fergusson. Wallahi labarin yaron nan ya taɓa ni fiye da yadda na zata. An haife shi a Edinbara a 1750, ya yi karatu a jami'ar St Andrews amma babansa ya rasu ya bar karatun ya dawo gida, ya samu aikin akawu mai kwafe takardun shari'a, aikin da ba kuɗi ba daraja, da shi yake riƙe mahaifiyarsa. Da dare kuma yana rubuta waƙa ana bugawa a wata mujallar mako-mako ta gidan Ruddiman. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne a lokacin masu ilimin garin kowa ƙoƙari yake ya goge harshensa ya yi magana irin ta mutanen Landan, shi kuwa sai ya juya ya yi waƙa da yaren Sikots, yaren da 'yan kasuwa da 'yan dako da masu sayar da kawa suke yi a titi. Babbar waƙarsa Auld Reikie, wato laƙabin Edinbara, garin kawai ya ɗauka daga asuba zuwa dare, 'yan aiki mata suna zubar da ƙazantar dare, lauyoyi suna fitowa, mashaya suna tangaɗi suna komawa gida, har warin lungunan sai da ya sa a ciki. Daga baya ciwon damuwa ya kama shi, ya zo kuma ya faɗo daga matakala ya bugu a ka, aka kai shi gidan mahaukata na garin, a nan ya rasu a watan Oktoba 1774 yana da shekara 24 kacal. Aka binne shi a maƙabartar cocin Canongate ba ko alama.

Bayan shekara goma sha biyu da wani abu Burns ya shigo Edinbara sunansa ya fara tashi, ya je neman kabarin ya tarar ba komai a kai, a 1787 ya rubuta wa hukumar wurin ya nemi izini ya sa dutse da kuɗinsa, don shi da bakinsa ya ce Fergusson yayansa ne a wahala kuma yayansa ne a waƙa. Mai aikin ya ɗau shekara biyu kafin ya kafa dutsen, shi ma Burns sai 1792 ya iya biya, fam 5 da sule 10. Dutsen yana nan har yau, in ka shiga ƙofa ka bi hagun cocin za ka same shi, ba wani girma gare shi ba. Yawancin masu shiga maƙabartar kabarin Adam Smith masanin tattalin arziki suke nema. A bakin ƙofa kuma a kan titi akwai mutum-mutumin Fergusson da aka kafa a 2004, ba a ɗora shi a kan dandamali ba, a ƙasa yake daidai tsawon mutum yana sauri da littafi a hannu, 'yan yawon buɗe ido suna rungumarsa suna ɗaukar hoto, na tsaya na ɗan jima ina kallo ban ga wanda ya duba sunan ba. Wani abin da ya ƙara min nauyin labarin, likitan da ya duba shi a gidan mahaukatan, Andrew Duncan, halin da ya ga yaron a ciki shi ya sa ya dage sai an gina asibitin masu taɓin hankali na mutunci, aka buɗe shi a unguwar Morningside a 1813, yana aiki har yanzu.

Bari in faɗi wani abu a nan don na san wani zai tambaya. Ni Musulmi ne, mu ba ma gini a kan kabari, kuma zuwana can bai canza min wannan ba ko kaɗan. Ina shiga maƙabartun nan ne da natsuwa kamar mai karanta tarihi, in tuna mutuwa, in karanta abin da aka rubuta in fito. Amma gaskiya ba zan ɓoye ba, ganin talaka mawaƙi ya ci bashi don kar sunan wani talaka mawaƙi ya ɓace, abin ya burge ni.

Mataki na gaba da ya fi cin lokaci shi ne babban laburaren ƙasa da ke kan gadar George IV. Katin shiga ɗakin karatu kyauta ne, ka cike fom a intanet sannan ka je da shaidarka mai hoto da wata takarda mai adireshinka, su ɗauke ka hoto su ba ka kati. Jaka da rigar sanyi a loka ake bari, biro ba ya shiga sai fensir, littafi kuma ba kai za ka ɗauko a kanta ba, oda za ka yi ta kwamfuta ka jira a kawo, wani ma sai washegari. Amma abin da ya fi yi min amfani ko fita daga ɗaki ba ya buƙata, wato tsofaffin taswirorinsu da suka sa a intanet kyauta, kana iya ajiye taswirar da ta shekara ɗari biyu gefe da gefe da ta yau ka ga inda lungu ya ɓace ko aka canza masa suna. Da ita na gane inda gidan mahaukatan nan yake a da, wajen Bristo, taku kaɗan daga maƙabartar Greyfriars. Duk wanda zai yi irin wannan yawon ya fara da taswirar nan, in ba haka ba zai yi ta zagaye a banza yana neman titin da aka rushe tun kafin a haifi kakansa.

Greyfriars kullum cike take da mutane, wasu sun zo shafa hancin gunkin wani kare da ke waje, wasu suna neman sunayen da aka ce an ɗauka an sa a littattafan yara na matsafa. Ni kuwa Duncan Ban MacIntyre na je nema. Mutumin tsaunukan arewa ne daga Glen Orchy, an haife shi a 1724, da harshen Galik yake waƙa, kuma bai iya karatu ba bai iya rubutu ba har ya mutu a 1812, duk a ka yake riƙe waƙoƙinsa sai da wani limamin coci ya zauna ya rubuta daga bakinsa aka buga a 1768. Nan take Aliyu Namangi na Zariya ya faɗo min a rai, makaho ne amma ya tsara Imfiraji a ka wasu suka rubuta. Shi Duncan mai gadin dajin wani basarake ne, aikinsa kula da barewa a kan tsauni, babbar waƙarsa kuwa yabon wani dutse ne mai suna Ben Dorain, ta wuce layi 500, ba sarki yake yabo ba ba mace ba, barewa ce da ciyawar da take ci da maɓuɓɓugar da take sha da yadda take kaɗa kunne in ta ji motsi, kuma ya gina ta a kan tsarin kiɗan algaitar jakar nan tasu, a tafi a hankali a dawo da sauri. Da masu ƙasa suka fara korar mutane daga ƙauyuka suna zuba tumaki sai ya yi waƙa yana sa wa yanyawa albarka saboda tana cin tumakin. Kai, wannan baƙin ciki ne na gaske.

Abin da ya sa na kasa barin wurin da wuri shi ne wani haɗi da na gano a karatu. Da Duncan ya bar daji ya dawo Edinbara aikin dogarin gari ya shiga, su kuma dogaran nan yawancinsu tsofaffin sojoji ne 'yan arewa masu jin Galik, kuma su ne Fergusson yake caccaka a waƙoƙinsa yana kiransu baƙaƙen 'yan fashi. Wato a shekarun 1770 manyan mawaƙa biyu suna taka titi ɗaya, ɗaya da gatarin dogari ɗaya da tawadar akawu a yatsa, kowa da harshensa. In ba don na taka daga Canongate zuwa Greyfriars da ƙafata na ga kusancin ba, da ba zan taɓa jin abin a jikina ba. Shi Ben Dorain daga baya na gan shi ta tagar jirgin ƙasa wajen Bridge of Orchy, ya miƙe tsaf, layin dogo yana bi ta gindinsa.

Paisley ce ta fi riƙe ni. Daga Edinbara jirgi zuwa Gilasgo bai kai awa ɗaya ba, sai ka taka daga tashar Queen Street zuwa Central ka hau wani, minti goma da ɗoriya ka sauka a Gilmour Street. In da hali mutum ya sayi tikitin bayan cunkoson safe ya fi sauƙi, kuma in lokacin sanyi ne ya yi sammako don kafin ƙarfe huɗu duhu ya fara, ni da wani ɗan uwa Bakatsine da muke haya tare muka je, shi ya riƙe mana lissafin lokacin salla don Azahar da La'asar da Magariba a watan Disamba a jere suke zuwa. Garin masaƙa ne, zanen nan mai kama da ɗigon hawaye mai lanƙwasa da muke gani a jikin gyale da rawani sunan garin nan yake ɗauke da shi a Turai, duk da asalinsa daga Farisa da Kashmir ne. A harabar tsohon cocin garin akwai mutum-mutumi biyu kusa da juna, duka masaƙa duka mawaƙa. Ɗaya Alexander Wilson, wanda waƙar zambo da ya yi wa masu masaƙu ta ja masa ɗauri, ya tsallaka Amurka a 1794 ya zama uban nazarin tsuntsayen can. Ɗayan kuma Robert Tannahill, shi a garin ya yi yawancin rayuwarsa.

An haifi Tannahill a 1774, shekarar da Fergusson ya rasu, yana ɗan shekara 12 aka sa shi koyon saƙa wajen babansa. A kan masaƙa yake tsara waƙa, yana da sarewa, sai ya samo tsohon karin da aka kusa mantawa ya ɗora masa sabbin baituka. A 1805 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar tunawa da Burns ta Paisley, shi ne ma sakatarenta. A 1807 ya fitar da littafinsa ta hanyar karo-karo, mutane suka biya tun kafin a buga. Amma da ya so sake bugawa da ƙarin waƙoƙi masu ɗab'i suka ƙi karɓa, ga rashin lafiya ga damuwa, sai ya ƙona takardunsa da yawa, a watan Mayu 1810 aka tsinci gawarsa a kwalbatin wani rafi mai suna Candren, yana da shekara 35. Abokin tafiyata da na gaya masa haka muna tsaye sai ya yi shiru can ya ce, Malam ai wannan ciwon damuwar ba yau ya fara cin mutane ba. Abin da ya fi min ciwo, yau waƙoƙinsa sun zagaye duniya ba a san nasa ba ne. Karin da James Barr ya sa wa waƙarsa ta dajin Craigielea shi ne ya bi ta hannu da hannu har ya zama karin Waltzing Matilda da 'yan Ostireliya suke ji da ita, waƙarsa ta tuddan Balquhither kuma ita ce tushen wata da ake rerawa a kusan kowane taron kiɗan gargajiya a Birtaniya da Ayalan.

Gidansu yana nan a Queen Street, ɗan ƙaramin gida mai hawa ɗaya da babansa ya gina, ƙungiyar Burns ɗin nan ce take taro a ciki, ba kullum yake buɗe ba, mu daga waje muka gani. Kabarinsa yana maƙabartar Castlehead a Canal Street, tafiyar ƙafa ce. Wanda yake so ya ga yadda ɗakin masaƙi yake a ciki sai ya nemi Sma' Shot Cottages, 'yan sa-kai ne suke kula da wurin kuma ba duk shekara yake buɗe ba, a duba kafin a taso. Sannan muka hau tudun Gleniffer da ke bayan gari inda yake yawo yana samo waƙa, iska kamar ta yanke kunne, amma daga sama kana ganin garin duka a shimfiɗe. A kan tudun nan mutanen gari suka riƙa shirya taron rera waƙoƙinsa a fili shekara da shekaru, kuɗin da aka tara da shi aka kafa mutum-mutumin nan a 1883. Ba gwamnati ba ce, ba wani attajiri ba ne, masaƙa ne da 'ya'yan masaƙa, kuma duk inda na je a yawon nan haka na tarar, ko ƙungiyar ƙauye ko tsofaffi 'yan fansho ko wani mawaƙi ɗan uwansa.

Coatbridge ban daɗe ba, famfon shan ruwa na dutse na je gani wanda aka kafa don Janet Hamilton. 'Yar mai ɗinkin takalmi ce, an haife ta a 1795, aka yi mata aure tana yarinya ƙarama, ta haifi 'ya'ya goma tana surfani tana riƙe gida, karatu ta iya tun tana ƙarama amma rubutu sai da ta kai wajen shekara hamsin ta koya wa kanta. Ta yi waƙoƙi a kan hayaƙin masana'antun ƙarfe da ya cinye ƙauyensu da kuma ɓarnar giya a gidajen ma'aikata, ta makance a ƙarshe, ta rasu a 1873. Famfon yana gefen titi motoci suna wucewa, ba ruwa a ciki.

Wanda ya fi wuyar kaiwa shi ne Michael Bruce, don ƙauyensu Kinnesswood a gefen tafkin Leven yake, bas ba ta cika zuwa ba, dole ka duba jadawalin dawowa kafin ka sauka. Kowa tsibirin da ke tsakiyar tafkin yake zuwa gani inda aka tsare sarauniya Mary ta Sikotland a 1567. Bruce ɗan masaƙi ne shi ma, an haife shi a 1746, yana yaro yana kiwo a kan tudun da ke bayan gidansu, iyayensa suka takura kansu suka tura shi jami'ar Edinbara, ya dawo yana koyarwa a makarantun ƙauye cikin sanyi da danshi, tarin fuka ya kashe shi a 1767 yana da shekara 21. Babansa ya ɗauki takardun waƙoƙinsa ya danƙa wa abokin karatunsa John Logan don a buga, littafin ya fito a 1770, amma a 1781 Logan ya fitar da nasa littafin da wata waƙa a kan tsuntsun bazara a ciki da sunansa, waƙar da mutanen ƙauyen suka ce ta Bruce ce. Masana sun yi ta jayayya a kai fiye da shekara ɗari biyu, a Kinnesswood kuwa ba wanda yake jayayya. Gidan da aka haife shi yana saman wani ɗan siririn lungu mai hawa, an mai da shi gidan tarihi ƙarami, kabarinsa kuma yana cocin Portmoak a gaba kaɗan, akwai hanyar ƙafa da aka sa wa sunansa da ta haɗa wuraren. A sa takalmi mai kyau, taɓo ne sosai.

Yanzu Perth ce a gabana, wajen William Soutar, wanda ciwon ƙashin baya ya kwantar da shi a gado tun 1930 har rasuwarsa a 1943, babansa kafinta ya faɗaɗa masa tagar ɗaki don ya riƙa ganin lambu, a nan kwance ya rubuta waƙoƙin yara da yaren Sikots da kuma littafin abin da yake gani kullum. Na riga na ari littattafansa biyu daga laburaren Crichton's Close, ina so in gama su kafin in sayi tikiti, kuma sai na rubuta na tambaya ko ana barin baƙo ya shiga gidan da ke Wilson Street ko daga waje ake tsayawa.